Goggo da Wa'adin Daƙiƙa Talatin

Ranar Talata da hantsi muka kai Goggo makwancinta. Na Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ta riga mu ne kawai. Kafin azahar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidanmu na Dutse Uku, an aro bencina daga Islamiyyar layinmu, jama'a suna zuwa suna tafiya.

Baba, wato mahaifina, ƙaninta ne uwa ɗaya uba ɗaya, shi ke karɓar gaisuwa. Duk wanda ya ce masa, "Ya haƙuri?" sai ya amsa, "Da godiya," sannan ya ƙara da cewa, "Ita ta goya ni." Haka ya yi ta maimaitawa har ga waɗanda suka riga suka ji. Bai yi kuka ba a maƙabarta. Sai da wata maƙwabciya ta aiko da gwaten acca, ya buɗe kwanon ya shinshina, ya mayar da murfin, ya shige ɗaki ya turo ƙofa. Duk Juma'a Goggo takan aiko masa da irinsa.

A cikin gida kuwa, Inna, mahaifiyata, ta ba ni labari daga baya, maganar matan ɗaya ce: "Allah sarki, ko ɗa ɗaya ba ta bari ba." Mijinta ya daɗe da rasuwa, ba ta haihu da shi ba, ba ta kuma sake aure ba. Wata tsohuwa ma cewa ta yi, "Ita dai ta ƙare rayuwarta a gaban talabijin ɗin ofis."

A ƙarshen benci akwai maƙwabcinta mai gyaran lantarki, ɗan Ibo, dattijo mai furfura. Bai san yadda ake zaman makokinmu ba, amma in an ɗaga hannu shi ma sai ya ɗaga. Da na je gaishe shi ya riƙe hannuna da hannu biyu.

"Mama ya tafi," in ji shi. "Wanene zai yi mini faɗa yanzu? Jiya na je na duba batir, na juya zan gaya masa, babu kowa."

Da la'asar ogan kamfaninmu ya zo tare da wasu nas-nas biyu. Liman ya tambaya, don ya san abin da zai ambata a addu'a, wane aiki marigayiyar take yi. Baba ya ce, "Gyaran kwamfuta." Oga ya ce, "Ai ita ke riƙe da mu gaba ɗaya." Aka yi addu'a aka shafa. Ina zaune ban ce uffan ba, alhali duk wurin ni kaɗai na san aikinta ciki da waje, ni kaɗai kuma na san abin da ta ɗaukar mini. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan.

Da keken rubutu ta fara, a ofishin wani kamfanin haƙar kuza, tana budurwa. Daga nan aka kawo injin da ake ba wa kati mai huji, ta koya. Duk abin da ya zo bayansa ta koya, ba a makaranta ba, sai dai ta zauna da littafin injin da biro ja tana jan layi. Da ta yi ritaya ta buɗe ajin koyon kwamfuta a falonta, kuma ogan namu yana cikin waɗanda suka zauna a wannan falo. Lokacin da ɗan kamfaninsa ya samu aikin haɗa ƙananan asibitoci da wuraren ajiyar jini na cikin gari a manhaja ɗaya, da ƙafarsa ya zo ya roƙe ta. Ta haura sittin a lokacin. Ita ta jawo ni, ina da digiri da mata da ɗa, amma ba aikin yi.

Sunan mahaifinta aka sa mini, saboda haka ba ta taɓa kiran sunana ba. "Babana" take ce mini, a gida da ofis.

Ga abin da muke yi, a sauƙaƙe. Akwai babban rumbun bayanai inda ake rubuta komai: wane asibiti ke da wane magani, ina ne akwai jini, wane iri, leda nawa. Rumbun nan yana da nawa, in tambayoyi suka yi masa yawa sai ya riƙa jan ƙafa. Don haka ake kwafo amsoshin da aka fi tambaya a ajiye su kusa, a wata ma'ajiya mai sauri da muke ce wa kash. Kash ɗin namu ba wuri ɗaya yake ba. An raba shi kashi uku, kowane kashi da shugaba da mataimaki mai riƙe da kwafinsa, kowannensu a cikin nasa ɗan akwatin manhaja da ake kira kwantena. Injuna uku ne ke ɗauke da su: ɗaya a ofishinmu na unguwar Daɗin Kowa tare da babban rumbun, biyu a wani ɗaki da muka kama a saman bene kusa da Terminus. Sannan akwai manhajar da ke kiwon kwantenonin. In ɗaya ya mutu ta tayar da wani. In shugaba ya ɓace, sauran su ɗaga mataimakinsa ya hau kujerar.

Kowace amsa da aka ajiye a kash tana da wa'adi. In ya cika, sai ta goge, a koma babban rumbu a ɗauko sabuwa. Jerin magunguna Goggo ta ba shi awa guda. Adireshin asibitoci, kwana guda. Jini kuwa daƙiƙa talatin ta ba shi, rabin minti.

Ɗakin injunan sanyi gare shi fiye da waje, ga Jos kuma da nata sanyin, saboda haka kullum Goggo tana sanye da suwaita a ƙarƙashin hijabinta da safa mai kauri. Tana da fulas na shayi ba suga, da wani littafi mai baƙin bango da take rubuta duk abin da aka taɓa a injin, da rana da lokaci, ko da yake manhajar ma tana rubutawa. Ba ta yarda shugaba da mataimakinsa su zauna a inji ɗaya. In na nuna mata allo na ce komai kore ne, alamar lafiya, sai ta ce, "Na ga launin. Ka tambaye shi wani abu ya ba ka amsa daidai?"

Duk Alhamis da ƙarfe goma na safe takan kashe kwantena ɗaya da gangan, wani lokacin ma ta zare wayar inji guda, ta zauna da agogo a hannu tana kallon yadda sauran za su yi. Ranar da oga ya fara ganin haka sai da ya dafe kai.

"Mama, da rana tsaka? Ana aiki fa!"

"To yaushe kake so in gane ba ya tashi? Ranar da ba na nan?"

"In wani abu ya lalace fa?"

"Ga ni zaune, ga Babana, ga mai lantarki a waje. Yau ne ranar da ta fi dacewa ya lalace."

Shi mai lantarkin, ita ta kawo shi. Shagon kayan wuta gare shi a kasuwar Terminus, kuma shekarar da kasuwar ta ƙone bai fita da ko ƙwan fitila ba. Da safe ta gan shi zaune a bakin kwata a layinsu da rigar jiya. Ba ta yi masa dogon jaje ba. Ta buɗe zauren gidanta, ta share, ta fito da akwatin kayan aikin mijinta marigayi ta ajiye masa, ta ce fankar ɗakinta ta daina juyawa. Da ya gyara ta aika shi gidan Baba, daga nan gidan liman. An yi gunaguni a layin, wai mace mai zaman kanta ta sa namiji, ba ma musulmi ba, a zaurenta. Ta ce duk wanda abin ya dama ya ba shi nasa zauren. Shekara huɗu ya yi a wurin. Daga baya, duk lokacin da gari ya ɗauki zafi, sukan kira juna: yau kada ka biyo ta nan, yau kada ki bi ta can. Batiran ɗakunanmu biyu a hannunsa suke, kuma ba ranar da ba ta yi masa faɗa a kan wata waya da ya bari a buɗe.

Rigimarmu a kan daƙiƙa talatin ɗin nan ta taso. Nas-nas suna kuka da shafin jini, wai yana daɗewa kafin ya buɗe, don kusan kowace tambaya sai ta koma babban rumbu. Ga oga yana shirin nuna manhajar ga wasu manyan baƙi. Na kawo shawara a gabansa: a ɗaga wa'adin zuwa awa shida. Ai mun riga mun tsara cewa duk lokacin da aka fitar da jini, rumbu zai aika saƙo ga kash ya goge tsohuwar amsa nan take.

Goggo ta ce, "In saƙon bai isa ba fa?"

"Zai isa."

"Na ce in bai isa ba."

"Goggo, wata nawa muna gwadawa, ko sau ɗaya bai ɓace ba."

"Gara nas ta jira ta yi tsaki, a ba ta gaskiya. Ba za a taɓa shi ba."

A gaban oga ta faɗa, sai na ji kamar an mayar da ni ɗan aike. Na ce, "Zamanin kati mai huji fa ya wuce, Goggo." Ta dube ni, ta ɗauki fulas ɗinta ta koma ɗakin injuna. Da yamma kuma, kamar ba a yi komai ba, ta ba ni dafaffen dankali a leda in kai wa ɗana.

Bayan wata ɗaya aka yi mata aikin yanar ido, likita ya ce ta huta mako biyu. Ta rubuta mini kalmar sirrin da ke buɗe komai a 'yar takarda, ta ce in haddace in ƙona. Kwana uku da tafiyarta na buɗe fayil na canza layin wa'adin jini. Daƙiƙa talatin ta koma awa shida. Shafin jini ya riƙa buɗewa kafin ka ɗauke yatsa. Baƙi suka zo suka yaba, oga ya dafa kafaɗata. Na ce a raina in ta dawo zan nuna mata yadda abin ya yi kyau. Ta dawo da baƙin gilashi, ba ta iya daɗewa a gaban allo, ni nake karanta mata abubuwa. Wannan layin ban karanta mata ba. Kullum sai in ce gobe.

A tsakiyar damina ne, wata Laraba da misalin ƙarfe biyu na rana, aka kece da ruwa da ƙanƙara. Aradu ta faɗi wani wuri, hanyar sadarwar da ta haɗa ɗakin Daɗin Kowa da na Terminus ta yanke. Injuna biyun Terminus suka daina jin shugaban da ke riƙe da bayanan jini, wanda ke Daɗin Kowa, suka yi abin da aka tsara musu: suka ɗaga mataimakinsa. Mai lantarki ya hau rufi cikin ruwan, minti arba'in aka gyara. Tsohon shugaban ya tarar an naɗa wani, ya koma mataimaki, ya zubar da abin da ke hannunsa ya kwafi na sabon. Allo ya koma kore. Har na ce wa Goggo, "Kin ga, ko hannu ba mu sa ba."

Abin da ba mu sani ba shi ne, a cikin minti arba'in ɗin nan wani asibiti da ke ɓangaren Daɗin Kowa ya fitar da leda biyu na wani jini mai wuyar samu, don wani da ya yi haɗari. Su ke nan da ma suka rage musu. Saƙon gogewa ya je wa tsohon shugaba, kuma yana cikin abin da ya zubar da aka dawo da hanya. Sabon shugaban ya ci gaba da cewa akwai leda biyu. Da wa'adin Goggo ne, da cikin rabin minti ƙaryar ta mutu da kanta. Da nawa kuwa, sai bayan isha'i.

Wajen ƙarfe huɗu, a wani ƙaramin asibiti da ke gefen gari, wata mata ta haihu jini ya ɓalle mata. Irin wannan jinin ne nata. Nas ta duba shafinmu. Ta ga leda ɗaya a wani asibiti da ke kusa, leda biyu a na Daɗin Kowa. Ta gwada kira, layi bai shiga ba saboda ruwan. Ta zaɓi inda ke da biyu, ko ni ne haka zan yi. Aka sa matar a mota da mijinta, suka ratsa gari, hanyoyi duk sun cika da ruwa. Suka isa aka ce musu babu tun ƙarfe biyu. Suka juya za su koma wurin leda ɗayan. Ba su kai ba. Ta cika a mota kafin magariba. Jaririyar, mace, ta rayu.

Washegari da safe nas ɗin ta kira ofis. Ba ta yi ihu ba. Cewa kawai take yi, "Na gani da idona, biyu aka rubuta. Ku gaya mini ban yi kuskuren karatu ba."

Goggo ta ce in jawo kujera kusa da ita, in ƙara girman rubutun allo. Ta bi abin da ya faru minti bayan minti, tana rubutawa a littafinta. Da ta kai inda tsohuwar amsa ta ƙi gogewa, sai ta tsaya. Ta ce in buɗe fayil ɗin wa'adi. Ta cire gilashin ta matso da fuskarta har ta kusa taɓa allon.

"Injiniya," ta ce, "idona ba ya gani sosai. Karanta mini wannan layin."

Ba ta taɓa kirana da haka ba. Na karanta.

"Awa nawa ke nan?"

"Shida."

"Karanta na gefensa. Wa ya canza, yaushe?"

Na karanta sunana da bakina, da ranar. Ta mayar da gilashinta. Ta rubuta a littafin, ta ja layi da ja a ƙarƙashi. Sannan da hannunta ta cire jini daga kash gaba ɗaya, ta mayar da shi kai tsaye ga babban rumbu, komai nawarsa. Ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Oga ya so a ce aradu ce. Ya ce ai gaskiya ne, hanya ta yanke, kowa ya ga ruwan da aka yi.

Ta ce, "Aradu ta yanke hanya. Ba ita ta rubuta awa shida ba."

"To wa ya rubuta?"

"Sashena ne. Ni na ba da kalmar sirri, ni ce kuma na dawo ban duba ba. Ka rubuta sunana."

Ya dube ni, na sunkuyar da kai. Ina jin ya gane, amma bai sake tambaya ba. A ranar ta rubuta wa duk asibitocin da ke amfani da mu takarda da Hausa da Turanci, cewa shafin jini ya faɗi abin da ba haka ba har an rasa rai, kuma daga yau kada a ɗauki mara lafiya sai an ji muryar mutum a ɗaya ɓangaren. Ta sa hannu. Wasu asibitocin suka bar mu, oga ya yi wata guda yana gaishe ta ciki-ciki.

Ranar uku ta ce in ɗauko mota za mu je gaisuwa. Mijin matar tela ne, matashi, ba zai wuce sa'ana ba. Muka same shi a ƙofar gida cikin 'yan'uwansa. Bayan addu'a Goggo ta ce tana da magana. Ta faɗi ko ita wace ce, ta ce injin da ya ce akwai jini a hannunta yake, kuma ba ƙaddarar ruwan sama kaɗai ba ce, akwai sakacin mutum a ciki, kuma ita ce babba a wurin. Yayan mijin ya miƙe tsaye.

"Kin kashe mana mata, sannan kin zo ki gaya mana? Me za mu yi da maganarki? Tashi ku bar nan!"

Ya faɗi wasu maganganun da ba zan rubuta ba, ga matar da ta isa ta haife shi. Ta tsaya har ya gama, ta ce, "Kana da gaskiya." Telan bai ɗago kai ba. Ni kuwa ina gefenta, hannuna a aljihu yana riƙe da makullin mota, bakina a rufe. Da muka iso layinsu ta ce in tsaya a bakin titi, za ta ƙarasa da ƙafa.

Wata biyar tana ce mini Injiniya. Aiki kawai ke haɗa mu. Ba ta gaya wa Baba ba, ba ta gaya wa matata ba, dankalin ɗana ma bai daina zuwa ba, sai dai ta ajiye a kan teburina ta wuce. Na rubuta takardar ajiye aiki na kai mata kafin in kai wa oga. Ta karanta ta ninke ta miƙo mini.

"Ka tafi ina? In kawo wani sabo, shi ma sai ya koya da ran wata? Kai ka riga ka san abin da awa shida take yi. Zauna."

Na zauna. Daga wannan makon ni ta sa nake zare waya ranar Alhamis, kuma bayan kowane gwaji sai na kwatanta abin da kash ke faɗa da abin da ke cikin rumbu, layi-layi. Wata safiya, ba wani dalili da na gani, ta ce, "Babana, miƙo mini fulas." Shi ke nan. Maganar ba ta sake tashi a tsakaninmu ba. Na san tana komawa gidan telan ita kaɗai, don wasu ranakun Asabar nakan ga ta sayi sabulu da 'yan kayan jarirai, amma ban tambaya ba, ita ma ba ta ce in raka ta ba.

Shekara uku bayan haka, wata safiya, ta faɗi a tsakar gida tana shanya. Mai lantarki ne ya ji ƙarar bokiti ya leƙa, shi ya kai ta asibiti. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Muka dawo da ita gidan Baba. Wata bakwai ta yi a kwance, matar da in ta fara yi maka bayanin inji sai shayinta ya huce. Inna da matata ke juya ta. In na taso aiki nakan zauna in ba ta labarin ofis, wane kwantena ya mutu, minti nawa ya ɗauka kafin ya tashi. Wani lokaci takan buga mini hannu da hagunta, kamar tana so in ƙara wani abu, sai in yi ta lissafo mata abubuwa, ruwa, filo, Baba, littafinta, ita kuma tana ƙara bugawa har ta gaji.

Wata rana da ba kowa a ɗakin na durƙusa na ce, "Goggo, ki yafe mini. Na bar ki kin sha zagi a kan abin da na yi." Ta dube ni. Hawaye yana bin kuncinta, amma tun da ta faɗi idon nan na dama kullum cikin zubar ruwa yake. Leɓenta ya motsa, abin da ya fito ba kalma ba ce. Har yau ban san amsar da ta ba ni ba.

Bayan sadakar bakwai na nemi shagon telan. Na same shi a kan keke yana ɗinkin kayan makaranta. Wata 'yar yarinya tana zaune a ƙasa tana wasa da ƙyallaye. Bai gane ni ba. Na ce ni ɗan ƙanin tsohuwar nan ne mai kwamfuta, na zo in gaya masa Allah ya yi mata rasuwa. Ya ɗauke ƙafa daga keken.

"Inna lillahi. Shi ya sa. Na yi zaton gajiya ta yi da mu." Ya dubi yarinyar. "Sau uku yayana yana korarta, tana dawowa. Ranar da yarinyar nan ta yi zazzaɓi ita ta yini da ita a asibiti. Na daɗe da yafe mata, na kuma gaya mata."

Na ce, "Malam, ba ita ba ce. Ta hana a taɓa wurin, har muka yi faɗa. Tana kwance an yi mata aikin ido na canza. Ni ne."

Ya daɗe yana kallona.

"Kai ne wanda ya tsaya a gefenta ranar?"

"Ni ne."

"Kana ji ana zaginta."

"Ina ji."

"Ita ta zo da ƙafarta kwana uku da binne matata. Kai ka jira sai da ta mutu."

Ya tashi ya ɗauki yarinyar ya miƙa ta shagon da ke kusa, ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa.

"Ban ce na yafe maka ba, ban kuma ce ba zan yafe ba. Yau na san ka. Amma ka san inda aka binne ta, ni ban sani ba. Ka zo Juma'a bayan masallaci ka kai ni."

Na je. Muka shiga maƙabarta, na nuna masa kabarin, ƙasar ba ta gama kwanciya ba. Ya tsuguna ya daɗe yana addu'a, ni ina tsaye a bayansa. Da muka fito na buɗe masa ƙofar mota. Ya girgiza kai, ya tsayar da keke napep ya hau.

Allah ya haskaka kabarin Goggo, ya yi mata sakayya da abin da ta ɗauka wanda ba nata ba. Allah ya ji ƙan matar telan, ya raya 'yarta. Wanda ya karanta wannan, ina roƙonsa ya sa su biyun a addu'arsa. Ni tawa yafiyar tana hannun mutumin da ya hau keken nan, kuma ina jira.